Abin da Ƙundun Kaza ya Koya wa Likitoci a kan Hawan Jini

Yau zan yi muku magana ne a kan wani abu ƙanƙane ƙwarai da ke cikin jikin kowane ɗayanmu. Ido ba ya iya ganinsa, amma yana da hannu a cikin ciwon nan da ke kayar da ƙato a tsakiyar gona, a ɗauko shi ɓarin jiki a shanye. Kafin mu kai gare shi, sai mu fara daga inda kowa ya sani, watau daga kaza.

Duk wanda ya taɓa fige kaza ya feɗe ta ya san ƙundu, naman nan mai tauri da a gidaje da yawa maigida ake ajiye wa. Kaza ba ta da haƙori. Takan haɗiye dawa da gero ɗungum, ta bi su da 'yan tsakuwa, sai ƙundu ya yi ta matsawa yana saki, yana matsawa yana saki, har ya niƙe hatsin. Ba kazar ce ta sa shi ba. Tana barci a akurki, shi kuwa yana kan aikinsa.

To, mu ma muna da irin wannan nama. Tsokar jikin mutum iri uku ce. Akwai ta damtse da cinya da ƙwauri, wadda ke jin umurninka: ka ce ɗaga fartanya, ta ɗaga, ka ce ajiye, ta ajiye. Akwai ta zuciya, ita daban take. Sa'an nan akwai ta uku, 'yar'uwar ƙundun kaza, wadda ba ruwanta da abin da ka ce. Ita ce ke tura tuwo a cikin hanji, ita ke matse mafitsara, ita ke naƙuda a mahaifar mace, ita ce kuma ke shaƙe mai ciwon asma in ta ɗaure hanyar iska a huhu. Amma inda za mu fi tsayawa yau shi ne jijiyoyin jini. Kowace jijiya da ke kai jini daga zuciya zuwa sassan jiki, tsokar nan ta kewaye ta kamar yadda zariya ta kewaye ƙugun wando. In an ja zariya, hanya ta tsuke. In an sassauta, hanya ta buɗe.

Ku masu noman rani a ƙasar Bici da wajen Watari kun fi ni sanin abin da ke faruwa in yaro ya danne bakin tiyo da babban yatsa. Ruwa ya yi ta feshi da ƙarfi, inji ya canja murya, in tiyon ya tsufa kuma ya fashe ta inda ya fi rauni. Haka abin yake a jiki. Zuciya ita ce inji, jijiyoyi su ne tiyo. In ƙananan jijiyoyi suka zauna a tsuke wata da watanni, shekara da shekaru, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi. Abin da muke kira hawan jini ke nan. Ba wai jini ya yi wa mutum yawa ba ne, kamar yadda waɗansu ke tsammani har su je a yi musu ƙaho. Hanya ce ta yi wa jinin kaɗan.

Yanzu, ta yaya nama yake ja? In aka sa ɗan wannan nama a ƙarƙashin madubin likita mai ƙarfin gaske, za a ga zare iri biyu a kwance kusa da juna. Masana suna kiran mai kauri mayosin, siririn kuma aktin. Mayosin yana da 'yan hannuwa jere a jikinsa. Su ne ke kama siririn zaren su ja, su saki, su sake kamawa gaba, daidai yadda mai jan ruwa a rijiya yake bin igiyar guga hannu bayan hannu. A 1954 ne waɗansu masana a Ingila da Amurka suka bayyana cewa zaren ba ya gajarta, wuce juna suke yi, shi ya sa naman ke taƙurewa.

A irin naman ƙundu da na jijiya, hannuwan nan ba sa taɓa igiya sai an ba su izini. Ga yadda izinin yake. Idan saƙo ya zo cewa a matse, wani sinadari da ake kira kalshiyam, irin wanda ke cikin ƙashi da nono, sai ya kwarara cikin ƙwayoyin naman. Shi kuma ya ta da wani ma'aikaci, wanda aikinsa kawai ya liƙa wata 'yar alama, sunanta fosfet, a wuyan mayosin. Da an liƙa, sai ja. Muddin alamar tana nan, ja yana nan. Waɗansu masana biyu a birnin Siyatil na Amurka, Edwin Krebs da Edmond Fischer, su ne tun a shekarun 1950 suka gano cewa jiki yana kunna ayyukansa yana kashewa ta hanyar liƙa wannan alama da cire ta. An ba su lambar yabo ta Nobel a 1992 saboda haka.

Nan fa nake so ku kasa kunne sosai, don nan ne tushen maganar. Yawancinmu muna ɗauka ja shi ne aiki, saki kuwa hutu ne da ke zuwa da kansa. Ba haka ba ne. Saki ma aiki ne, kuma yana cin ƙarfi. Ku dubi gawa: ƙarfi ya ƙare, amma maimakon ta yi laushi sai ta sandare, domin hannuwan nan sun kama igiya ba abin da zai sakar da su. A jikin mai rai kuwa, jijiya ba za ta buɗe ba sai wani ya zo ya ɓamɓare alamar nan daga wuyan mayosin. To, wane ne mai ɓamɓarewa?

An daɗe ana nemansa. A 1992, a jami'ar wani gari da ake kira Dandi a ƙasar Sukotlan, wani masani mai suna Philip Cohen da abokan aikinsa suka tace shi suka ware shi. Kun san daga ina? Daga ƙundun kaza. Ba don wasa suka zaɓi ƙundu ba. Ba inda za ka sami irin wannan nama da yawa, a dunƙule, da araha, kamar a nan. Ni dai duk lokacin da na ga ƙundu a tukubar mai tsire sai in tuna da wannan.

Da suka duba sai suka tarar ba abu ɗaya ba ne, gaɓa uku ne a haɗe. Gaɓa ta farko ita ce mai cire alama, amma tamkar makaho take. Tana da ƙarfi, tana da gwaninta, sai dai ba ta san inda za ta ba. Irinta tana ko'ina a jiki, a hanta, a ƙwaƙwalwa, tana ayyuka dabam dabam. Gaɓa ta biyu ita ce ɗan jagora. Ita ke riƙe wa makahon sanda, ta kai shi har wuyan mayosin, ta ce ga wurin. Masana suka sa mata suna MYPT1. Ta uku ƙarama ce, tana manne da ɗan jagoran. In ɗan jagora yana da kuzari, jijiya ta saki. In an daƙile shi, makaho ya tsaya yana lalube, alama ta zauna daram, jijiya ta zauna a tsuke.

Ina jiki ya koyi ƙera wannan ɗan jagora? A gado ya samu. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai waɗansu abubuwa 46 da za mu iya kira kundaye, 23 daga uba, 23 daga uwa. A cikinsu aka rubuta yadda za a yi kowane abu na jiki. Kowane babi guda shi ake kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da wajen 20,000. Babin da ke koyar da ƙera ɗan jagoranmu yana cikin kundi na 12, sunansa PPP1R12A. Kada sunan ya dame ku, kamar lambar mota ce, ba dole ku haddace ba. Abin da za ku riƙe shi ne kowannenmu yana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya na wajen uba, ɗaya na wajen uwa, kuma a daidai wannan lokaci da nake magana ana karanta shi a jikinku.

Ɗan jagoran nan yana karɓar saƙo daga wuri biyu. Wani saƙon cewa yake yi a ƙara riƙewa, kamar lokacin tsoro, ko sanyi mai tsanani, ko in mutum ya zubar da jini da yawa ana bukatar jijiyoyi su tsuke don a tsira da rai. A 1996 masana a Japan suka gano yadda wannan saƙo yake ɗaure hannun ɗan jagora. Ɗaya saƙon kuwa cewa yake yi a saki. Daga ina yake fitowa? Daga wata 'yar fata marar kauri da ta shimfiɗe cikin kowace jijiya kamar shafi a cikin riga. In jini yana gudu a kanta, misali kana tafiya da sauri ko kana huɗa, sai ta fitar da wata iska kaɗan, sunanta naitirik oksaid. Iskar ta shiga nama, saƙo ya isa ga ɗan jagora, ya ƙara himma, hanya ta buɗe. Mutum uku suka sami lambar Nobel a 1998 a kan wannan, Furchgott da Ignarro da Murad.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin mamaki a nan. Tun 1879 likitoci a Landan suke ba masu ciwon ƙirji ɗigon wani ruwa wanda da shi ake yin nakiya, ba ta biki ba, ta fasa dutse. Suna gani yana buɗe jijiya, ciwo ya lafa, amma kusan shekara ɗari ana ba da shi ba a san dalili ba. Ashe iskar nan ce yake saki a cikin jiki.

Ta yaya aka tabbata ɗan jagoran yana da hannu a hawan jini? A 2014 masana a birnin Nanjin na ƙasar Sin suka cire wannan babi daga naman jijiyoyin ɓeraye. Ɓerayen suka rayu, amma jininsu ya hau ya zauna a sama. Sai dai kada wani ya ji wannan ya ce ashe mai hawan jini babinsa ne ya lalace. A'a. Lalacewar wannan babi a jikin mutum abu ne da ba safai ake gani ba, in ya faru kuwa tun a ciki yake taɓa halittar jariri. Yawancin masu hawan jini babinsu lafiya lau yake. Gadon hawan jini da muke gani a dangi, uba ya yi, ɗa ya yi, ba daga babi ɗaya yake zuwa ba, daga ɗaruruwa ne, kowanne da ɗan abin da ya ƙara. Abin da ya fi yawa shi ne ɗan jagora yana nan da ransa, amma an hana shi aiki: saƙon riƙewa ya yi yawa, na saki ya ragu. Tsufa yana rage shi. Taba, ta sha da ta shaƙa, tana lalata 'yar fatar nan. Haka ciwon siga, da ƙiba, da yawan zama. Gishiri kuwa yana sa ƙoda ta riƙe ruwa, tiyo ya cika, ga shi kuma a tsuke.

Abin da ya sa na yi duk wannan dogon bayani shi ne ku gane dalilin da ya sa ba a jin hawan jini. In damtsenka ya gaji, ka sani. Amma naman jijiya ba ya kawo maka ƙara. Mutum zai yi shekara goma jininsa a sama, yana noma, yana cin kasuwar Badume, yana ɗaukar buhu, ba ciwon kai ba jiri, alhali zuciya tana kumbura, ƙoda tana lalacewa, ƙananan jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa suna yin rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 manya fiye da biliyan ɗaya ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A Nijeriya, binciken da aka yi ya nuna wajen mutum 3 cikin kowane 10 na manya suna da shi. Ku ƙirga sahun mutum goma a ƙofar gidan mai unguwa, ku ga abin da ake nufi. Ba ciwon attajirai ba ne, ba kuma na mutanen birni kaɗai ba.

Hanya ɗaya ce ta sani, awo. In kun zo ɗakin shan magani, ko don tari kuka zo, ko yaro kuka kawo rigakafi, ku ce wa malamin asibiti ya auna ku. Ba allura, ba zafi, ɗamara ce a damtse. Ku zauna ku huta minti 5 tukuna, kada ku yi magana ana awo, kada kuma ku ci goro ko ku sha taba cikin rabin sa'a kafin nan. Za a faɗa muku lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma sa'ad da ta huta. Wajen 120 bisa 80 shi ne na mai lafiya. In an sami 140 bisa 90 ko fiye, a rana biyu dabam dabam, to akwai hawan jini. In ya kai 180 bisa 110, ba a kwana da shi sai an ga likita. Ku sa a rubuta muku lambar a kati, ku adana shi kamar takardar gona.

In an ba ku magani, yanzu kun san aikinsa. Wanda aka fi bayarwa a wajenmu, amlodifin, tare ƙofar kalshiyam yake yi, sai a rage liƙa alama, ɗan jagora da makahonsa su sami sararin cire wadda ke nan. Wani maganin yana sa a fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Wani kuma yana rage saƙon riƙewa. Sau da yawa sai an haɗa biyu. Amma ku lura, ƙwaya ɗaya aikin yini ɗaya take yi. Ga kuskuren da nake gani kullum, wanda kuma ya fi kowanne ba ni takaici. Mutum ya sha magani wata biyu, a auna a ce jini ya sauka, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya daina. Ko damina ta faɗi, kuɗi su tafi wajen taki, ya ce sai kaka. Jijiya kuwa ba ta san kaka ba. Cikin 'yan kwanaki ta koma yadda take, shi bai ji komai ba, sai ranar da aka ɗauko shi daga gona. Saukar jini shaida ce magani yana aiki, ba shaidar warkewa ba ce. In kuɗi sun yi wuya, ku faɗa wa malamin asibiti ba kunya, domin akwai masu araha. In ƙafa ta ɗan kumbura ko tari ya dame ku, ku koma a canja muku wani. In azumi ya zo, ku tambaya a mayar muku da shi lokacin sahur ko buɗa baki. Ƙwayoyin ciwon jiki kuma da ake saya a tire bayan an tashi daga aiki, irin su diklofenak da ibufurofen, suna ta da jini suna kuma cin ƙoda in an mai da su abincin kullum.

Batun gishiri, wannan maganar uwargida ce. Abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. In an jefa huɗu a miya, aka bi da gishiri, aka kawo yaji mai gishiri a gefe, an wuce iyaka tun da rana. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Mako biyu ko uku harshe zai saba. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, abin da ke ta da jini a cikin gishiri yana cikinta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka ja kunne a kan yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ban ce a bar al'ada ba. Na ce a sassauta hannu wajen kanwa, mai jego kuma in tana haki, ko ƙafafunta sun kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti a ranar.

Masu ciki, ku nasu ya fi gaggawa. Daga wata na biyar jijiyoyin waɗansu mata sukan tsuke farat ɗaya, musamman mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta manyanta. Ciwon kai mai tsanani, ganin duhu-duhu ko walƙiya, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, duk gargaɗi ne cewa jijjiga tana tafe. Ba iska ba ce, hayaƙi da tofi ba sa buɗe jijiya. Akwai allurar da ke hana ta, sunanta magniziyam salfet. A 2008 aka shigar da ita asibitoci 10 na Jihar Kano. Kafin nan wajen mace 1 cikin 5 da wannan ciwo ya kama tana rasuwa, bayan an fara allurar sai abin ya koma ƙasa da 3 cikin 100. Ku magidanta, izinin zuwa awo da kuɗin mota a hannunku suke. Ku bayar tun ciki yana ƙarami.

Saura abu ɗaya. In kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe masa nan take, kada a tsaya shafe-shafe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a lura da lokacin da abin ya fara don a faɗa wa likita, a nemi mota zuwa babban asibitin Bici. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar wajen kilomita 40 ce. Ku tafi da katin awonsa da kwalin duk maganin da yake sha, har da na gargajiya.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar ciwon asma, da yadda ake amfani da abin shaƙa daidai. Ku huta lafiya.